Yatsun da Suka Leƙo a Bidiyon Yaya

Litinin, bayan la'asar

An gama, kuma an gama da kyau. Yau da hantsi Yaya ta sa hannu a takardar kyauta: sashen bayan gidanta, ɗaki biyu da kicin, ya zama na jikokinta 'yan biyu da uwarsu. Tun rasuwar ɗanta Babba take wannan magana. Ɗa ya riga uwa tafiya, 'ya'yansa ba su da gado a gidan kaka, ranar da ta rufe ido komai ya zama na ƙaninsa Auta. Ta ce mini, "Dillali, kar marayun nan su rasa wurin kwana saboda na yi nawa." Dillali take ce mini tun ban sayar da ko kujera ba.

Ofishin Lauya a saman bene yake, Yaya kuwa tun da ciwon nan ya taɓa mata ɓarin jiki ko dakalin ƙofa sai an ɗaga ta. Sai Lauya ta ce a yi ta kiran bidiyo. Ita tana can da shaidu biyu, akawunta da mai kantin maganin da ke ƙasan benen, Yaya tana nan a ɗakinta. Sharaɗin shi ne a nuna katin shaidarta, a nuna kowane lungu na ɗakin, kowa ya fita, ta sa hannu ita kaɗai suna kallo. Kuma ana naɗar kiran.

Ni na saita wayar. In ba ni ba wa? Rabin cinikina yanzu a bidiyo nake yinsa. Mace tana kishingiɗe a falonta, ni ina shago ina zagaya mata gado da kabad na hannu. Na san inda haske ke faɗuwa, na san ƙafar teburin da ake tsayawa a gabanta. Mai saye abin da aka nuna masa yake saye, wanda ba a nuna ba kuma ya tafi da shi a matsayin gyara.

Na zagaya musu ɗakin, har ƙarƙashin gado na leƙa musu, akawu yana ta dariya. Na jingine wayar da filas a kan tebur, ta ɗauki Yaya daga fuska zuwa takarda. Na ce, "To Barista, ni na fita." Ƙofa ta buɗe, ƙofa ta rufe, kowa ya ji ƙararta.

Lauya ta yi tambayoyinta, Yaya ta amsa kamar tana gaban aji. Da aka ce mata, "Akwai wanda ya sa ki?" sai ta ce, "'Yar nan, dube ni da kyau. Na yi kama da wadda ake sawa?" Sa hannun ya fito tsaf, irin na lokacin da take koyarwa.

Gwiwoyina ne kawai ke ciwo. Simintin ɗakin nan ba shi da tausayi.

Talata, da safe

Na biya gaida Yaya. Maman 'yan biyu ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a kan gwiwar wandona. Ai wani wandon na sa, ban san me take nema ba.

Alhamis, bayan azahar

Na kai takardar ofis don shaidu su sa nasu hannun. Lauya ta daɗe tana kallon sa hannun Yaya.

Ta ce, "Ma sha Allah. A takardar likita an rubuta hannunta na rawa, har na sa akawu ya tanadi tawada."

Na ce tawadar me?

Ta ce, "Ta dangwale mana. In mutum ba ya iya riƙe biro, ai sai ya dangwala yatsa muna kallo, mu rubuta cewa hannunsa ne ke rawa. Kullum muna yi. Mu kan muke dubawa, ba hannu ba."

Na yi dariyar da nake yi in mai saye ya taɓa wurin da na toshe da garin katako.

Ranar Lahadi da muka gwada a gida, biro yawo ya riƙa yi a hannun Yaya kamar ɗan maye. Ta ture takardar ta ce, "Ni da na koya wa rabin unguwar nan rubutu, matar nan za ta ga wannan?" Ni kuma na yi lissafi irin nawa: hannu na rawa, za a ce kai ma na rawa, takarda ta mutu. Ban tambayi Lauya ba. A sana'armu ba ka yin tambayar da za ta kai idon mutum wurin da kake tsaye a gabansa.

Ina miƙewa ta ce, "Malam, in akwai abin da ya kamata in sani, yanzu ne lokacinsa. Sakewa ba ta da wuya, kafin shayi ya huce mun gama."

Na ce, "Barista, abin da ya kamata ki sani shi ne kujerar nan taki ta baƙi ta kusa yar da mutum. Ki leƙo shago."

Ta yi murmushi. Na sauko. Benen ya fi tsawo a saukowa.

Asabar, da yamma

Auta ya kira daga can wurin aikinsa. Yaron nan ba shi da mugunta, ina so in rubuta wannan tun yanzu. Ya ce, "Kawu, gida na Mama ne, in ita ta so ta ba 'ya'yan Yaya Babba, ni wane ne? Kawai ina so in ga bidiyon, in ji daga bakinta." Yaya ta ce a tura masa. An tura.

Na sake kallon nawa kwafin a shago. Haske daidai, murya tas. Aiki ne mai kyau.

Litinin, da hantsi

Mai Katifa na kusa da ni ya ce tun safe ina goge tebur ɗaya, in na ci gaba zan huda shi.

Talata, bayan la'asar

Auta ya turo hoto, ya bi shi da kira. Ya tsayar da bidiyon daidai lokacin da biro ya taɓa takarda, ya buɗe kusurwar ƙasa da girma. A ƙarƙashin gwiwar hannun Yaya, inda hannun riga ya tattare, kan yatsu ne suka leƙo. Dishi-dishi, amma yatsu ne.

Ya ce, "Kawu, kai ka san harkar hoto. Mene ne wannan?"

Na ce inuwa ce. Na yi masa bayani mai kyau kan hasken taga da yadda waya ke ƙirƙiro abin da babu in aka ja hoto da yawa. Ni kaina na kusa yarda.

Ya ce, "Inuwa mai farce, Kawu?"

Sai ya fara ƙirga mutanen gida. Mama ba ta da hannu uku. 'Yan biyu suna makaranta. Kawu ya fita, duniya ta ji ƙarar ƙofa. Saura wa? Saura wadda takardar za ta amfana, kuma ɗakin Mama yana da ƙofar banɗaki da ke ɓullewa baya.

Na ce, "Kai Auta, a bi a hankali."

Iyakar abin da na ce ke nan. A bi a hankali.

Laraba, da safe

Matata ta ajiye mini zobena kusa da kofin shayi. Ta ce a aljihun wandon da na sa waccan Litinin ta tsince shi, tana shirin wanki. Ta ce, "Tun da na aure ka ban ga ka cire shi ba, ko ranar da aka ɗinke maka yatsa." Na ce matse ni yake yi. Ta ce, "To. Wandon ma gwiwarsa ta ci sabulu."

Ba ta ƙara ba. Matar nan da ta shiga kasuwa da tuni na rufe shago.

Juma'a, da yamma

Na sami Yaya a zaune, ranta a ɓace. Auta ya kira ta. Ta gaya masa babu wanda ya tilasta ta, ya ce to wa ya riƙe mata hannu, ta ce hannunta ne. Ya sake tambaya, ta sake cewa hannunta ne. Shi kuma ya ɗauka tsoro ne ya hana ta magana, har yana cewa, "Mama, in tana kusa da ke ki yi tari kawai."

Ta ce mini, "Wai in yi tari. Dillali, ka gaya wa yaron nan mana."

Na ce maganar waya ɓata abu take yi, a bari ya zo mu zauna. Ban gaya mata zancen tawada ba. Har yanzu tana kan abin da na ce mata tun farko, cewa in aka sani takarda ta mutu. Shi ya sa ta toshe bakinta. Tun muna yara take toshe baki a kaina, in na fasa abu ita ake duka.

Ta kalle ni ta ce, "Kai dai bakinka ya fi ƙafarka sauri, sai ranar da ake bukatarsa."

A tsakar gida na tarar da Maman 'yan biyu tana kwashe shanya. Ta rame. Auta ya kira yayyenta, maganar ta zagaya dangi: ta murɗe hannun tsohuwa don ta ci gida. Na fara ba ta haƙuri irin na manya, ana haƙuri da duniya, gaskiya za ta fito.

Ta ce, "Kawu, ranar ina bakin famfo ina wanki. Na ji ƙofa. Ban ga kowa ya fito ba."

Na ce to me ya hana ta faɗa?

Ta ninke zanen da ke hannunta ta ce, "In na faɗa ka ce ba haka ba, wa za a ɗauka? Kuma don mu ka yi. Na sani."

Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa.

Ranar Litinin zan hau benen nan. A sake kiran, a kawo tawada, Yaya ta dangwala, magana ta ƙare. Kafin shayi ya huce.

Litinin, bayan azahar

Wani otal ya canza kujeru, aka kira ni in zo in gani kafin wasu su riga ni. Gobe.

Talata, da yamma

Motar kaya ta lalace a hanya. Kuma na tsaya ina tsara yadda zan faɗa ba tare da na faɗa ba. Na sami hanya wajen uku, duk masu kyau. Gobe.

Alhamis, da hantsi, a asibiti

Kujerun nan na baranda ba su da kirki. Ƙarfe ne mara kauri, an yi masa fenti don ya yi kama da mai nauyi. Wadda nake kai ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta, an cusa kwali a ƙasa. Wanda ya kawo musu ya cuce su. Gadajen ciki sun fi, amma tayoyin sun ci.

Jiya da safe ne ciwon ya sake buge Yaya, tana shan shayi. Maman 'yan biyu ce ta ɗauke ta a baya har bakin titi.

Likita ya ce wannan karon ya fi na farko.

Asabar

Ta buɗe ido. Ta kira ni da sunan Babanmu.

Litinin, bayan la'asar

Auta ya iso. Ya rungume ni a baranda yana kuka, yana cewa, "Kawu, da ba ka nan da ban san yadda zan yi ba." Maman 'yan biyu ta gaishe shi, ya kalli bango. Ita ce ke kwana a ƙasa kusa da gadon, ita ke juya ta, ita ke wanke ta. Ya ce wa nas kar a riƙa barin su su biyu.

Ina tsaye a wurin. Ina da baki a lokacin, na duba.

Laraba, da yamma

An sallamo Yaya. Tana gane mutane wani lokaci.

Auta ya kai hoton wurin Lauya, ta dakatar da takardar. Ta kira ni ta ce tana so ta ji daga Maman 'yan biyu. Na ce kar ta wahalar da ita, ni zan zo.

Na hau benen. Auta yana zaune a kujerar da na ce ta kusa yar da mutum. Abin da na faɗa na faɗa, ba sai na sake rubuta shi a nan ba. Ban yi amfani da ko ɗaya cikin hanyoyin nan uku ba, duk sun gudu tun a matakala.

Lauya ta cire tabarau ta ce, "Ranar nan na tambaye ka."

Na ce ta tambaye ni.

Ta ce, "Shaidu sun sa hannu a kan cewa ita kaɗai ce a ɗakin. Ba ita kaɗai ba ce. Ko da ba ka ja hannun ba, ko da tallafe shi kawai ka yi, takardar nan ba za ta tsaya ba."

Auta bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kawu, kana tsaye na ƙi amsa gaisuwar matar yayana. Kana tsaye." Sannan ya ce, "Yanzu ni ban san wanne Mama ta so ba, wanne kuka so mata."

Na ce wallahi ita ta so.

Ya ce, "Ka ce mini inuwa ce ma da wallahi."

Ban tuna na rantse ranar ba. Mai yiwuwa na yi, ba ya mini wuya.

Hanya ɗaya ta rage, in ji Lauya: a sake kiran, in har Yaya za ta iya nuna ta san abin da take bayarwa. Auta ya ce in Mama ta faɗa da bakinta, shi ya yarda.

Alhamis, da safe

Auta ya je har ƙofar kicin ya ba Maman 'yan biyu haƙuri. Ta ce ba komai. Ni ban je ba tukuna, ina neman kalmomi. Ni, neman kalmomi.

Asabar, bayan azahar

An yi kiran da hantsi, lokacin da Yaya ta fi wartsakewa.

Wannan karon ban gyara komai ba. Kwalaben magani a kan tebur, roba a ƙarƙashin gado, tawul a wuyanta saboda yawu. Na ja wayar baya har ɗakin duka ya shiga. Lauya ta ce tun da sai an tsaya kusa da ita saboda kar ta zame, in tsaya a bayanta inda za a gan ni, hannuwana a ƙirji, kar in ce uffan. Auta da Maman 'yan biyu suna tsakar gida. Akawu ya aiko da tawada tun jiya, tana kan tebur kusa da takarda.

Lauya ta ce, "Mama, ina kwana?"

Ta amsa. Aka tambayi sunanta, ta faɗa, har da na Babanmu. Zuciyata ta fara ciniki, na ce an kusa.

"Mama, wannan takardar ta gabanki, ta mece ce?"

Yaya ta kalli takardar. Ta daɗe. Hannunta yana rawa a kan cinya, kowa yana gani, babu wanda ya damu da shi. Sai ta juyo da ƙyar tana nemana, ta ce, "Dillali, gaya mata."

Amsar tana bakina, gajeriya ce. Na cije.

Lauya ta sake tambaya a hankali, ta canza hanya. Gidan nan na wa ne? Su wa ke zaune a sashen baya? Akwai abin da kike so ki ba wani?

Yaya ta ce, "Babba ya dawo daga makaranta? A ajiye masa abinci."

Mai kantin magani ya sunkuyar da kai. Lauya ta ce, "Za a ajiye masa, Mama. Ki huta." Ta ce mini za mu iya sake gwadawa in an ga sauƙi, da muryar da nake ce wa mai saye kaya na nan zuwa wani mako.

Ko buɗe tawadar ba a yi ba.

Laraba, da yamma

An sake gwadawa. Barci ta yi.

Lahadi, bayan la'asar

Auta zai tafi da Yaya can wurinsa, kusa da babban asibiti, matarsa za ta kula da ita. Gidan za a sayar, jinya ba ta jira. Ya ce zai riƙa taimaka wa 'yan biyu da makaranta, kuma na yarda zai yi, iya ƙarfinsa. Da takardar ta tsaya, da gaban gidan kawai za a sayar.

Maman 'yan biyu za ta koma wurin yayanta, ɗaki ɗaya ya ba su a bayan shagonsa.

Na je na same ta tana ɗaure kwanuka. Na fara magana, ta ce, "Kawu, riƙe mini bakin buhun nan." Na riƙe. Har muka gama ba ta bar mini wurin da zan sa kalma ba.

Kabad ɗin aurenta ba zai shiga ɗakin can ba. Babba ne ya saya mata, a wurina ma. Ta ce in tafi da shi shago in sayar mata. Da muka ja shi daga bango ta ɗora yatsa a bayansa.

Ta ce, "Akwai tsaga a nan, tun ranar da aka kawo shi. Ka nuna wa mai saye."

Na san da tsagar. Ni na tsaya a gabanta ranar da Babba ya zo gani.

Talata, da hantsi, a shago

Wata mata ta kira a bidiyo tana neman kabad. Ban fara da madubi ba, ban fara da ƙofofi ba. Na sa aka juya shi, na kai wayar har jikin katakon, na bi tsagar da yatsa daga sama har ƙasa. Mai Katifa ya leƙo yana tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Matar ta matso da fuskarta ta duba. Ta ce, "Wannan ce matsalar?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "Ai wannan ba komai ba ne, Malam, da ma bango zai jingina. Ka turo shi yau."